Yadda Ake Zaɓar Launi Mai Tabbas Wajen Tsara Shafin Intanet

Sau da yawa mai tsara shafin intanet kan zaɓi launin da ya burge shi a kwamfutarsa, amma da zarar an buɗe shafin a wayar hannu sai launin ya dushe, ko kuma rubutun ya ƙi karantuwa. Dalili shi ne ido kaɗai ba ma'auni ba ne, domin kowane allo da irin haskensa.

Allon waya ko na kwamfuta yana haɗa kowane launi ne daga haske uku: ja, kore da shuɗi. Kowannensu yana da matakai 256, daga 0 zuwa 255, abin da ke bayar da launuka sama da miliyan 16. Saboda haka ƙwararru ke kiran launi da lambarsa. Fari shi ne #FFFFFF, baƙi #000000, yayin da koren da aka saba amfani da shi wajen zana tutar Najeriya shi ne #008751. Idan ma'aikata ta rubuta lambobin launukanta ta adana, duk wanda ya gaji aikin zai fitar da launi iri ɗaya.

Haka kuma, ya kamata a adana hotuna da tambari a tsarin sRGB, wanda kamfanonin HP da Microsoft suka fito da shi a shekarar 1996, kuma shi ne ginshiƙin launi a intanet. Tsarin CMYK na madaba'a ne, inda ake aiki da tawada, shi ya sa launin fosta ba ya zuwa daidai da na allo.

Abu na gaba shi ne bambanci tsakanin rubutu da bangon da yake kai. Ƙa'idojin WCAG na ƙungiyar W3C sun tanadi cewa ma'aunin wannan bambanci kada ya gaza 4.5 a ƙananan rubutu, ko 3 a manya. Baƙi a kan fari yana kaiwa 21, wato ƙololuwa. Farin rubutu a kan koren tuta da ƙyar ya haura 4.5, rawaya a kan fari kuwa ba ya ko kusa. Akwai manhajoji kyauta da ke yin wannan lissafi nan take.

Batun ya wuce ado. Akwai mutanen da ba sa iya bambance ja da kore, galibinsu maza. Idan launi kaɗai ke nuna kuskure a fom ɗin neman aiki ko na biyan kuɗin makaranta, irin waɗannan mutane na iya rasa damarsu ba tare da sanin dalili ba. Don haka a riƙa haɗa launi da rubutu ko wata alama.

Kafin a saki shafi, yana da kyau a gwada shi a waya mai araha, a tsakar rana, domin a irin wannan yanayi ne masu karatu da dama za su buɗe shi.