Shaye-shaye a Kudancin Kaduna: Kamu Kaɗai Ba Ya Warkarwa

Rahoton 2018 na binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar ya nuna 'yan Najeriya miliyan 14.3 na ta'ammali da miyagun ƙwayoyi. A Kafanchan da ƙauyukan Jema'a burkutu tsohon abu ne, amma tiramadol da maganin tari mai kodin sun zo da sabuwar masifa. Wasu na cewa rashin tarbiyya ne kawai, a kama a ɗaure. Sai dai wanda jikinsa ya saba da ƙwaya, da an yanke masa sai zufa da karkarwa da rashin barci, kuma wannan cuta ce mai buƙatar likita. Asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa yana can Kaduna, nesa da talakawan Kagoro da ke Kudancin Kaduna. Ya kamata gwamnati ta kawo magani kusa da su.