Amsoshin Wasiƙunku: Ina Netwok Ɗin Banki Ke Tafiya?

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito daga Babban Mutum, cikin ƙaramar hukumar Baure. Wani mai sayen riɗi ne ya rubuto. Ya ce ya yi sammako zuwa banki a Daura don ya biya manoman da suka ba shi kaya, ya wuni a layi, aka ce da shi babu netwok. Tambayarsa ita ce, wai shin wannan netwok ina yake tafiya, kuma ta yaya ma'aikata ke gane lafiyarsa?

To malam, ga yadda abin yake. Lissafin kuɗinka ba a reshen Daura yake ajiye ba, yana cikin babbar kwamfuta a hedkwatar banki, galibi a Legas. Kafin akawu ya miƙo maka ko sisi, sai kwamfutarsa ta tambayi waccan, amsa ta dawo. Hanyar da tambayar ke bi ita ce netwok.

A da, bankin da ke son haɗa rassansa yakan karɓi layin haya daga NITEL, kamfanin wayar gwamnati da aka kafa a 1985. Layin haya kamar ɗaukar mota shata ne. Kai kaɗai ke ciki, ko ka cika ta ko ba ka cika ba sai ka biya, kuma kuɗin na ƙaruwa da nisan tafiya. Ƙaramin layi yana ɗaukar kilobit 64 a daƙiƙa, abin da wayar hannunka ta yau za ta raina.

Saboda tsadar shata, a farkon shekarun 1990 wata dabara ta bazu a duniya, ana kiranta firem rile. A nan ba mota guda za ka ɗauka ba, gurbi za ka kama a babbar motar da kowa ke zuba kaya. Ana yayyanka saƙo ƙanana-ƙanana kamar buhuna, kowane da lambar da ke nuna hanyar da zai bi. Injiniya zai shigar da wannan lamba a na'urar reshe, ya tabbata ita ce wadda kamfanin waya ya bayar. In ya kuskure lamba ɗaya, fitilar na'ura na ci lafiya lau amma saƙo ba ya isa.

Ga inda nake so ka natsu. Kamfanin waya yakan yi wa banki alkawarin wani adadi, mu ce buhu goma a kowace tafiya. In akwai wuri, banki na iya ƙara biyar a kai, amma waɗannan biyar ɗin ana yi musu alama. Ran da hanya ta cunkushe, su ake fara jefarwa, sai an sake aiko su. Shi ya sa bankin da ya yi rowa ya sayi ɗan ƙaramin alkawari, ba ka ganin aibinsa sai ƙarshen wata, lokacin biyan albashi. Ni ma sa'ad da nake koyarwa na sha wannan wahala.

Duba lafiyar layi kuwa ba sihiri ba ne. Na'urar reshe tana gaisawa da ta kamfanin waya duk bayan daƙiƙa 10, in aka daina amsawa an san layi ya faɗi. Sannan injiniya yana duba ƙidaya: nawa suka fita, nawa suka shigo, nawa aka jefar, nawa suka iso a lalace. Masu lalacewa da yawa alamar waya ce ta sami matsala, masu jefarwa da yawa alamar cunkoso ce. Yakan kuma aika ɗan saƙon gwaji zuwa hedkwata ya ga tsawon lokacin da zai yi kafin ya dawo.

Yau an daina yayin firem rile, NITEL ma an sayar da kadarorinta a 2015. Bankuna sun koma wayar gilashi ta ƙarƙashin ƙasa, da turakun sadarwa, da tauraron ɗan'adam. Amma gwajin bai sauya sosai ba, cutar ma haka. Katafila mai gyaran hanya na iya tsinke waya, janareton turke na iya mutuwa. A watan Maris na 2024 wayoyin ƙarƙashin teku sun lalace a gabar Afirka ta Yamma, bankuna da dama suka shiga wahala.

Shawarata gare ka, in na'urar POS ta ce ciniki bai yiwu ba, kada ka yi garajen sake turawa. Riƙe rasit, duba saƙon waya, ka tambayi wanda ka tura wa. In an cire maka kuɗi bai isa ba, kai ƙara bankinka da rasit a hannu. A 2020 Babban Bankin Nijeriya ya ba bankuna awa 72 su warware irin wannan. Kuma in za ka shiga Daura biyan manoma, kauce wa kwanakin albashi.

A gaida mutanen Babban Mutum. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.