Farar Riga a Gaban Alƙalin Bahiya



Da zarar azumi ya raba tsakiya, layukan Kantin Kwari sai su cika maƙil, kowa na neman farin yadi ko shadda ta ɗinkin Sallah. A shagunan Sabon Gari kuwa samari ne ke cinikin rigar ƙwallo mai ruwan ɗorawa, don yawancinsu abin da suka sani game da Birazil bai wuce Pele da Neymar ba. To, a can Birazil ɗin an yi zamanin da farar riga irin ta malamai ke kai mutum gaban alƙali, kuma cikin waɗanda ta kai har da Hausawa.

Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadin 1804 sun jefa ɗimbin mutane hannun fataken bayi, daga kowane ɓangare na faɗan. Ana gangarawa da su ta ƙasar Oyo zuwa Legas da Wida, inda jiragen Turawan Fotugal ke jira da tabar Bahiya wadda aka jiƙa da ruwan rake. Da ita ake sayen mutum. A birnin Salvador na jihar Bahiya a Birazil aka sauke da yawansu, wasu gonakin rake, wasu dako a bakin teku.

Ba su yi zaman jiran tsammani ba. A 1807 hukuma ta bankaɗo shirin tawayen Hausawa tun kafin ya tashi. A 1814 sai da aka gwabza, suka ƙona wuraren masunta a Itapuwa, arewa da birnin.

Babban tashin ya zo a daren 24 ga Janairun 1835, cikin kwanakin ƙarshe na Ramadan. A nan gaskiya sai a faɗe ta: mafi yawan mayaƙan Yarbawa Musulmi ne, amma cikin malaman da aka tuhuma akwai Bahaushe mai sayar da taba, Dandara, wanda ke koyar da karatu, da wani Banufe, Luis Sanim. Shi Sanim har asusu ya kafa irin na adashe: kashi ɗaya na sayen yadin ɗinka fararen riguna, wani kashin na fansar 'yan uwa daga bauta. Duk ɗan Kwarin da ya taɓa zubi zai gane wannan lissafi.

Asiri ya tonu tun da yamma, wata 'yantacciyar baiwa ta kai rahoto. Mutum wajen 600 suka fito tituna da takubba, sanye da fararen kaya da layu, suka yi ta fafatawa har zuwa barikin sojan doki na Agua de Meninos, inda bindiga ta fi ƙarfinsu. Kimanin 70 suka mutu. An harbe huɗu a watan Mayu, an yi wa wasu ɗaruruwan bulala.

Daga nan 'yan sanda suka shiga gida-gida. Riga fara, allo, carbi, ko 'yar takarda mai rubutun Larabci, kowanne ya isa hujja. Waɗannan takardu suna nan ajiye a gidan adana tarihi na jihar Bahiya, kuma da su masanin tarihi Joao Jose Reis ya yi aiki a littafinsa na 1986.

Waɗanda aka kora daga Bahiya da waɗanda suka fanshi kansu sun tsallako teku. Wasu sun sauka Accra a 1836, su ne Tabom na unguwar Jamestown, aka san su da ɗinki da haƙar rijiya. Wasu sun zauna Legas ana ce musu Aguda, kuma ɗaya daga cikinsu, Joao Baptista da Costa, shi ya jagoranci ginin masallacin Shitta-Bey da aka buɗe a 1894, shekara shida bayan Birazil ta haramta bauta.