Masallacin Juma'a na Zariya: Ginin da yaɓe ke raya shi

A da, duk wanda ya nufi Masallacin Juma'a na Zariya, daura da fadar Sarkin Zazzau, ginin siminti yake fara gani. Sai ya kutsa ciki yake tarar da abin da ya rage na tsohon masallacin ƙasa, wanda Muhammadu Durugu, Babban Gwani, ya gina a zamanin Sarki Abdulkarim (1834 zuwa 1846). A shekarun 1970 ne aka lulluɓe shi da sabon ginin.

Gwanintar maginin a rufi take. Azara, wato tsagin giginya, tana jure gara, amma ba ta ɗaukar nauyin ƙasa idan tazarar bango ta yi faɗi. Sai ya riƙa jera ta hawa-hawa daga ginshiƙai, kowane hawa ya zarce na ƙasansa, ana ɗaurewa ana cikewa da ƙasa, har ɓangarorin biyu suka haɗe a sama. Wannan shi ne bakan gizo, kuma a kansa tulluwar masallacin ta zauna.

Maginan ƙasar Ayalan ma sun san wannan dabara. A gundumar Kerry akwai ƙaramar majami'ar Gallarus, mai siffar kifaffen kwalekwale, wadda aka jera duwatsunta kowanne na leƙawa ciki har suka haɗe. Ta shafe ɗaruruwan shekaru a tsaye, ruwa bai ratsa ta ba.

A nan bambancin yake. Dutse yana jure sakaci, ƙasa kuwa ba ta jurewa. Ginin tubali yana bukatar yaɓe kafin damina, da gyaran indararo, domin da zarar ruwa ya kwanta a rufi, azara ta jiƙe, baka ya fara rauni.

Masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya auna masallacin, kuma akwai kwafinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. Sai dai zane ba ya kwaɓa ƙasa. Kula da irin wannan gado yana cikin aikin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979. Abin da ya kamata masu tsara kasafinta su lura da shi shi ne, kwangilar gyara ta lokaci guda ba ta wadatar da ginin ƙasa. Kuɗin yaɓe na kowace shekara yake so, da albashin maginan da za su koya wa na baya yadda ake ɗaura bakan gizo.