Rumbun Bayanai a Kwamfutar Haya: Abin da Ya Sauƙaƙa da Abin da Ya Rage a Wuyanka

Duk sanda ka tura kuɗi ta waya, ko ɗalibi ya duba sakamakon jarrabawa, ko asibiti ya nemo katin mara lafiya a kwamfuta, akwai wani rumbun bayanai da ke amsawa a bayan fage. Akwai manhajoji na musamman da ke riƙe da irin waɗannan rumbuna. Fitattu cikinsu su ne SQL Server na Microsoft, da Oracle, da MySQL, da PostgreSQL. A da, ma'aikatar da ke son ɗaya daga ciki sai ta sayi babbar kwamfuta, ta ware mata ɗaki mai sanyi, ta tanadi janareta, ta kuma ɗauki mai kwana yana gadinta.

A 2006 kamfanin Amazon ya fara bayar da hayar kwamfuta ta intanet, ana biya gwargwadon sa'o'in da aka yi amfani da ita. Microsoft ya biyo baya da Azure a 2010, Google ma ya shigo. Wannan shi ne abin da ake kira gajimare. Dabarar ita ce a ɗauki katafariyar na'ura ɗaya, a rarraba ƙarfinta da manhaja zuwa ƙananan kwamfutoci masu zaman kansu, kowane ɗan haya da tasa. Kamar gidan haya ne: gini da rufi da wuta na mai gida, amma kulle ƙofar ɗaki da tsaron kayan ciki na ɗan haya.

Mai rumbun bayanai yana da hanya biyu. Ko dai ya miƙa wa kamfanin ragamar komai, kamar tsarin RDS da Amazon ya fito da shi a 2009, ko kuwa ya karɓi kwamfutar haya ya girka manhajarsa da hannunsa. Bankuna da manyan ma'aikatu da dama sun fi son hanya ta biyu, domin tsofaffin manhajojinsu suna buƙatar saiti na musamman, kuma ba sa son wani ya taɓa musu na'ura ba da saninsu ba. Sai dai wannan 'yanci yana tafe da wahala, kuma wahalar ce kamfanonin suka yi ta ragewa da sababbin tanade-tanade.

Na farko shi ne aikin dare. Kowace manhaja tana buƙatar facin tsaro lokaci-lokaci, kowane rumbu kuma yana buƙatar a riƙa kwafe shi ana ajiyewa. Tun 2015 Microsoft ya samar da wata ƙaramar manhaja da ke zama cikin kwamfutar haya mai ɗauke da SQL Server tana yin waɗannan ayyuka da kanta. Mai kula da rumbu ya zaɓi rana da lokaci, misali daren Lahadi sanda ba ciniki, sai ta saka facin a wannan tsakani. Haka kuma take kwafe bayanai ta kai wata ma'ajiya daban, ta kulle su da kalmar sirri idan an buƙaci haka.

Na biyu, faifan ajiya. Rumbun bayanai ba abin da yake ci kamar karatu da rubutu a faifai, kuma a nan ne gajimare ya daɗe yana ɗingishi. A da, saurin faifai yana ɗaure da girmansa, don haka mai son sauri dole ya sayi wurin da ba zai taɓa cikawa ba. A Disamban 2020 Amazon ya fito da faifan gp3, wanda ke ba da karatu ko rubutu 3,000 a daƙiƙa ɗaya komai ƙanƙantarsa, mai son ƙari ya saya daban. Microsoft ya kawo Ultra Disk a 2019 da Premium SSD v2 a 2022 bisa irin wannan tsari. Ga masu aiki mai nauyin gaske, faifan io2 Block Express na Amazon yana kaiwa 256,000 a daƙiƙa.

Na uku, kuɗin lasisi, wanda sau da yawa ya fi kuɗin hayar kwamfutar kanta. Microsoft da Oracle suna lissafin lasisi ne da yawan ƙwayoyin sarrafawa da ke cikin na'ura. Shi kuwa rumbu ya fi buƙatar ƙwaƙwalwar aiki mai faɗi. Saboda haka Azure ya tanadi kwamfutocin da ake rufe wasu ƙwayoyinsu: na'ura mai ƙwaya 32 sai a bar 8 kawai suna aiki, ƙwaƙwalwarta na nan yadda take. Kuɗin hayar bai ragu ba, amma lasisi ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Amazon ma ya samar da makamancin haka a 2018.

Na huɗu, kariya daga faɗuwa. Kamfanonin sun raba cibiyoyinsu zuwa rukunoni masu tazara da juna, kowane da wutarsa da na'urar sanyayawarsa. Da tsarin Always On, wanda ya zo tare da SQL Server 2012, ana iya ajiye tagwayen rumbu a rukuni biyu. In ɗaya ya tsaya, ɗayan ya ɗauki aiki nan take. Akwai kuma kwamfutocin sirri, irin waɗanda Google ya fara bayarwa a 2020, masu kulle bayanai ko da ana tsakiyar sarrafa su.

To amma kada a ruɗu. A ranar 10 ga Maris 2021 gobara ta cinye wata cibiyar kamfanin OVHcloud a birnin Strasbourg na Faransa. Wasu 'yan haya sun rasa bayanansu har abada, domin kwafin ajiyarsu yana wuri ɗaya da na asali. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Manhaja za ta kwafe maka bayanai, amma kai ne za ka faɗa mata inda za ta kai su, kai ne kuma za ka gwada dawo da su ka tabbata suna buɗuwa.

Mu nan Afirka ta Yamma muna da ƙarin lissafi. Manyan cibiyoyin da suka fi kusa da mu a nahiyar suna Afirka ta Kudu: Microsoft ya buɗe nasa a 2019, Amazon a 2020, Google a 2024. Amazon yana da ƙaramin reshe a Legas tun 2023. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku da dama sun lalace, harkokin bankuna suka tangarɗe a Najeriya da maƙwabtanta. Rumbun yana can lafiya lau, hanyar isa gare shi ce ta yanke. Sannan kuɗin haya galibi da dala ake lissafa shi, ga kuma dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 da ta gindaya sharuɗɗa kan fitar da bayanan mutane zuwa waje.

Saboda haka, shugaban makaranta ko asibiti ko kamfanin da aka ce masa an mayar da bayanansu gajimare, ya kira mai kula da su ya yi masa tambaya uku. A wace ƙasa bayananmu suke? Ina ake ajiye kwafinsu? Yaushe rabon da a gwada dawo da su? Idan amsa ta ukun ta gagara, a sa ranar gwaji tun kafin wata ya ƙare.