Ƙarfin Na'ura da Amana a Gasar Rediyo

A gasar CQ World Wide, wadda masu sha'awar rediyo ke yi a ƙarshen Oktoba da Nuwamba, ana raba 'yan takara gida uku bisa iyakar ƙarfin na'urarsu: wat 1,500, wat 100, da rukunin QRP mai wat 5 kacal.

Sai dai kowa da bakinsa yake faɗin rukuninsa. Wanda ya rubuta wat 100 ya kunna amfilifaya a ɓoye zai danne muryar masu gaskiya, kuma wannan zalunci ne tsagwaronsa. Tashoshin Reverse Beacon Network suna auna ƙarfin siginar Morse, amma eriya mai kyau da yanayin sararin sama su ma suna ƙara mata ƙarfi, shi ya sa kama mai maguɗi ke da wuya.