Cuta Biyu a Jiki Ɗaya: Ranar da Garkuwa Ta Juya wa Mai Ita Baya



A Unguwar Hajji, ko wani ƙauye tsakanin Ƙaraye da Rogo, idan mutum ya tashi garau da safe, amma la'asar na yi fatar idonsa ta rufto, yana ganin abu bibbiyu, cin tuwo ya gagara, gajiyar gona za a fara zargi. In abin ya daɗe, sai a ce sammu ne.

Likitocin jijiya kuwa mayasteniya suke kiransa. Garkuwar jiki ce ta rikice, ta toshe ƙofar da tsoka ke karɓar saƙon jijiya. A 1934 wata likita a Landan, Mary Walker, ta yi wa maras lafiya allurar da ta dawo mata da ƙarfi na ɗan lokaci. Ƙwayar firidostigmin da ake sha yau dangin wannan allura ce.

Cutar tana da 'yar'uwa, wadda Lambert da Eaton suka bayyana a 1956 a asibitin Mayo na Amurka. Ita kuma bakin jijiyar take kamawa, saƙon ma ya ƙi fita sosai. Cinyoyi su yi nauyi, tashi daga tabarma ya zama aiki, baki ya bushe. Halinsu ya saɓa: mai mayasteniya motsi ke ƙarar da ƙarfinsa, mai ta biyun kuwa in ya motsa sai ya ɗan murmure.

Ba kasafai ba, amma sukan haɗu a jikin mutum ɗaya, kuma gwajin jini da na jijiya ke tona su. In sun haɗu, maganin mayasteniya zai buɗe ido, ƙafafu su ƙi. A nan likita ke waiwayar huhu, domin kusan rabin masu cuta ta biyun suna ɗauke da kansar huhu, galibi mashaya sigari.

Abin tsoron yana kusa da gida, a kemis. Kwinin, jentamaisin da sifro, waɗanda ake miƙa wa mai zazzaɓi ba tambaya, suna iya tsananta raunin har numfashi ya sarƙe. Mai irin waɗannan alamu takardar turawa zai nema daga babban asibitin Ƙaraye ko Rogo zuwa sashen jijiya na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ya tafi da kwalayen duk magungunan da ya sha.